Gidan Nasif Na Jidda: Shirin Ziyara A Kan Hanyar Gaɓar Bahar Maliya

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya hore wa bayinSa tafiya a tudu da ruwa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, waɗansu daga cikin masu karanta wannan fili, 'yan kasuwa da ma'aikata waɗanda Allah Ya hore wa zuwa Umra, sun aiko mana da tambaya iri ɗaya. Suna so idan sun sauka Jidda su ɗauki mota su bi hanyar gaɓar teku zuwa Madina, kuma kafin su tashi su shiga tsohon gari su ga wani gida da ake kira Baitu Nasif. Suna tambaya ko wannan ya halatta, da yadda za su tsara shi, da abin da ya shafi harami da salla.

Amsa a taƙaice ita ce ya halatta, kuma yana iya zama abin lada idan niyya ta gyaru. Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratur Rum da waɗansu surori, ya kwaɗaitar da tafiya a bayan ƙasa domin lura da abin da ya sami mutanen da suka gabata. Amma a sani gidan Nasif ba wurin ibada ba ne, ba a zuwa can neman tabarruki. Masallatai uku ne kaɗai aka keɓe da a yi tafiya takanas domin falalar salla a cikinsu, watau na Makka da na Madina da na Ƙudus. Wannan gida ana zuwa ne domin ilmi da wa'azi. Mu kuwa muna ganin wa'azin da ke cikinsa ya fi dacewa da mai dukiya da mai riƙe da muƙami, domin gida ne da ɗan kasuwa mai muƙami ya gina, jikansa kuma ya nuna abin da ya kamata a yi da shi.

Garin da gidan yake

Ba za a fahimci gidan ba sai an san garin. A zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, matsayar jiragen ruwan Makka ita ce Shu'aiba, kudu da Jidda, kuma daga nan ne sahabban farko suka shiga jirgi zuwa Habasha. Cikin shekara ta 26 bayan Hijira Sayyidina Usmanu ɗan Affan, Allah Ya yarda da shi, ya mai da matsayar Jidda. Tun daga ran nan Jidda ta zama ƙofar Makka ga duk wanda ya zo ta ruwa. Kakanninmu da suka bi ta Barno da Wadai da Darfur a ƙasa, waɗansu suna shekaru a hanya, da yawansu sun ƙetare ne daga Sawakin, daga baya kuma daga Fot Sudan, suka sauka a wannan gaɓa.

A farkon ƙarni na 16 jiragen yaƙin Fotugal suka fara kai-kawo a Bahar Maliya. Sarkin Masar Ƙansuh al-Gauri ya sa kwamandansa Husaini al-Kurdi ya kewaye Jidda da ganuwa, kuma da Turawan suka zo cikin 1517 ba su sami shiga ba. Ganuwar ta tsaya har 1947, sa'ad da aka rushe ta don gari ya faɗaɗa. Abin da ke cikin tsohon da'irarta shi ne yau ake kira Balad, mai unguwanni huɗu: Mazlum da Sham da Yaman da Bahar. Cikin 2014 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Da aka buɗe mashigin Suwez cikin 1869, jiragen ruwa masu hayaƙi suka yawaita, alhazai da kaya suka ƙaru, attajiran Jidda suka sami buɗi. Shekara uku bayan haka, watau 1872, wadda ta yi daidai da 1289 ta Hijira, Umar Nasif ya fara ginin gidansa a bakin kasuwar Alawi. Shi attajiri ne, kuma wakilin Sharifin Makka a Jidda, a lokacin da Hijaz take ƙarƙashin Daular Usmaniyya. Ba a gama ginin ba sai 1881.

Abin da ido zai gani

Mai ziyara ya fara tsayawa daga waje ya dubi bango. An gina shi da dutsen murjani wanda ake yankowa daga gaɓar teku. Dutse ne marar nauyi mai ƙananan ramuka, kuma gishirin iska yana cinsa, saboda haka magina suke shafe shi da farar ƙasa, kuma bayan kowane 'yan sahu na dutse sai su gicciya katako a cikin bangon don ya raba nauyi. Wanda ya san aikin azara a soron ƙasar Hausa zai gane hikimar nan da nan.

Sa'an nan ya ɗaga kai ya dubi tagogin katako da suka fito daga jikin bango, waɗanda ake kira rawashin. Hijaz ba ta da irin wannan itace, jirage ne suke kawo shi daga Indiya da Jawa. Masassaƙa sun huda katakon ƙanana-ƙanana yadda iskar teku za ta shiga ta sanyaya ɗaki, hasken rana ya ragu, na ciki ya ga na waje, na waje kuwa ba ya ganin na ciki. Da aiki ɗaya an sami iska da inuwa da suturar iyali. Yau muna gina gidaje da gilashi daga sama har ƙasa a ƙasa mai zafi, sa'an nan mu sayi labule mu rufe gilashin, mu sayi na'urar sanyi mu kashe zafin da ya tara, idan wuta ta ɗauke kuma gidan ya gagari zama. Ma'aikacin da yake shirin gina gidan da zai zauna bayan ya bar aiki, ya tsaya a nan ya yi tunani.

A ciki akwai matakala mai faɗi, marar tsayin taki. Mutanen Jidda suna ba da labari cewa an yi ta haka ne domin raƙumi ya hau da kayan abinci zuwa madafa da ke sama. An sa madafa a sama don hayaƙi da zafi su fita ba tare da sun dami mazauna ba. A can ƙololuwa kuma akwai wurin zama na shan iska, inda ake hango gari da teku. A ƙarƙashin gidan akwai ma'ajiyar ruwa inda ruwan sama yake gangarowa daga rufi.

Maganar ruwa ita ce za ta bayyana itacen da ke ƙofar gidan. Dogon yaro ne, wanda waɗansu ke kira darbejiya, irin wanda ke ƙofar kowane gida a garuruwanmu har ba mu kula da shi. A Jidda ta wancan zamani ruwa sayensa ake yi da tsada. Sai cikin 1907 aka kafa injin tace ruwan teku wanda mutanen gari suka sa wa suna Kindasa, kuma sai 1947 aka jawo ruwan Ainul Aziziyya daga Wadi Faɗima. A gari irin wannan, shayar da itace har ya girma babban abu ne. Saboda haka aka san gidan da sunan gida mai itace, har an ce mai aiko da wasiƙa yakan rubuta haka kawai a bayanta ta iso. Ni'imar da take arha a wurinmu ita ce abin mamaki a wurin waɗansu.

Abin da ya sa sunan gidan ya wanzu

Cikin watan Disamba na 1925, bayan an daɗe ana tsare da Jidda, Sarki Ali ɗan Sharif Husaini ya bar garin, Sarki Abdul'aziz Al Sa'ud ya shigo. A gidan Nasif ya sauka, kuma ya ci gaba da sauka a nan yana karɓar manyan gari da wakilan ƙasashe har aka gina masa fadar Khuzam. Wannan shi ne labarin da masu yi wa baƙi jagora suka fi ambata. Mu kuwa abin da ya fi jan hankalinmu shi ne mai masaukin.

Mai gidan a lokacin shi ne Shaihu Muhammadu Nasif, jikan Umar, wanda aka haifa cikin 1302 ta Hijira ya rasu cikin 1971. Ya gaji dukiya da suna, ya kashe su a kan abu biyu, watau baƙi da littattafai. Malamai da masu neman ilmi daga ƙasashe dabam-dabam, idan suka sauka Jidda a kan hanyarsu ta Makka, gidansa suke nufa. Ya tara littattafai bugaggu da rubutun hannu har suka kai kimanin 16,000, kuma bai kulle su ba, mai son karatu yana shiga ya karanta. Ya taimaka wajen buga littattafan magabata waɗanda suka daɗe a ɓoye, yana raba su ga malamai. Littattafan nasa yanzu suna Jami'ar Sarki Abdul'aziz a Jidda, ɗalibai suna amfani da su. Daga zuriyarsa ne aka sami Dakta Abdullahi Umar Nasif, wanda ya riƙe Babban Sakataren Rabiɗatul Alamil Islami daga 1983 zuwa 1993. Cikin 1975 gidan ya koma hannun gwamnati, aka mai da shi wurin tarihi.

To, jama'a, a lura. A Balad akwai ɗaruruwan gidajen attajirai, waɗansu sun kai wannan kyau. Da yawa sun tsage, waɗansu sun rushe, magadansu sun watse sun koma sababbin unguwanni, har ya zama cikin 2019 gwamnati ce ta ware Riyal miliyan 50 don ceto guda 56 daga cikinsu. Masu su sun yi ciniki, sun ci riba, sun tafi, yawancinsu ba wanda ya san su sai mai binciken tarihi. Na Nasif kuwa ana ambatonsa a littattafan malamai daga Masar har Indiya, saboda ƙofarsa a buɗe take. Dutsen murjani gishiri yana cinsa, amma ilmin da aka yaɗa yana cikin abubuwan da Annabi ya ba da labari cewa ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa.

Muna da attajirai da manyan ma'aikata waɗanda suka gina gidaje masu ɗakuna ashirin ko talatin, alhali kuwa makarantar unguwarsu ba ta da ƙamus ɗaya na Larabci, kuma rubutun hannu na kakanninmu gara tana ci a cikin gafaka. Ba mu hana kowa gina gida mai kyau ba, Allah Yana son ganin alamar ni'imarSa ga bawanSa. Abin da muke roƙo shi ne wanda ya tsaya a zauren Nasif ya tambayi kansa wane ɗaki ne a gidansa ya ware wa baƙo, wane ne kuma ya ware wa littafi.

Yadda za a tsara ziyarar

Na farko, a tsarkake guzuri. Ɗan kasuwa kada ya tafi da kuɗin da lokacin biyansu ya yi sai da yardar masu su. Ma'aikaci ya tafi cikin hutunsa da aka ba shi, da kuɗin aljihunsa, kada ya laƙaba wa tafiyar sunan aikin gwamnati. Kowa kuma ya san sharuɗɗan bizarsa ya tsaya a kansu, domin alkawari ne ya ɗauka. Wanda ya je aikin Hajji yana ƙarƙashin tsarin hukumar alhazai, ba ya fita yawo da kansa, wannan shiri ya fi dacewa da mai Umra.

Na biyu, lokaci. Jidda gari ne mai zafi da gumi, mafi sauƙin watanninta su ne daga Disamba zuwa Fabrairu. Balad ba ta cika motsi sai bayan La'asar, da safiyar Jumma'a kuwa yawancin wurare a rufe suke. Tun da ana ta aikin gyaran tsohon garin, a tambayi mai masauki ranaku da sa'o'in da ake buɗe gidan kafin a fita, matambayi ba ya ɓata. A bar mota a waje a shiga da ƙafa, domin lunguna ne matsattsu. A ware yamma ɗaya cur, a kuma sa ziyarar kafin sayayya, gama mun san halinmu: wanda ya fara da shagon zinariya da na yadi ba zai isa gida mai itace ba sai an rufe. Idan Magariba ta yi, masallacin Shafi'i yana unguwar Mazlum, yana cikin mafi daɗewar masallatan garin.

Na uku, ladabi. Har yanzu akwai mazauna a Balad, da yawansu masu ƙaramin ƙarfi. Kada a leƙa gidan da ba a buɗe wa baƙi ba, kada a ɗauki hoton mutum sai da izninsa, balle mata. Kada a rubuta suna a bango ko a ɓanɓari katako don a tafi da shi.

Na huɗu, harami, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Wanda ya taso daga gida da nufin wucewa Makka kai tsaye, mafi yawan malamai suna ganin Jidda ba miƙati ba ce gare shi, sai ya yi niyya a cikin jirgi sa'ad da ya zo daidai da miƙati. Amma wanda ya nufi Madina da farko, babu harami a kansa a Jidda. Zai zaga Balad da tufafinsa, ya bi gaɓa zuwa Madina, ya yi ziyara, sa'an nan ya ɗaura harami a Zul-Hulaifa, wadda yau ake kira Abyar Ali. Mai Risala ya bayyana cewa ko mutanen Sham da Masar da Magrib, waɗanda miƙatinsu Juhfa ne, idan suka biyo ta Madina abin da ya fi shi ne su ɗaura a can. Saboda haka wannan tsari, Jidda sa'an nan Madina sa'an nan Makka, shi muke ba da shawara.

Hanyar gaɓa

Tun 2018 akwai jirgin ƙasa mai gudu tsakanin Jidda da Madina, kuma ya fi sauƙi ga tsoho da marar lafiya. Mai ƙarfi kuwa, hanyar mota za ta nuna masa abin da ya daɗe yana karantawa a littattafan Sira. Ta ɓangaren gaɓa ne jagora Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ ya bi da Annabi da Sayyidina Abubakar a farkon tafiyar Hijira don kauce wa masu nemansu.

A tashi da sassafe bayan an huta, kada a haɗa ziyarar dare da tuƙin asuba ga direba ɗaya. Bayan kimanin kilomita 150 za a isa Rabig, kusa da ita kuma akwai masallacin miƙatin Juhfa. A wannan yanki ne, cikin shekarar farko ta Hijira, Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya harba kibiyar farko a tafarkin Allah. Mai tafiya Madina ba ya ɗaura harami a nan, tun da baya ya ba Makka.

Can gaba, kusa da garin Rayis, akwai kufan Jar, tsohuwar matsayar jiragen Madina. Nan ne jiragen abinci da Amru ɗan Asi ya aiko daga Masar suke sauka a zamanin Sayyidina Umar. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa a zamanin Marwanu ɗan Hakam an raba wa mutane takardun karɓar abincin Jar, sai suka shiga saye da sayar da takardun a tsakaninsu kafin su karɓi abincin. Zaidu ɗan Sabit da wani sahabi suka shiga wurin Marwanu suka yi masa magana, shi kuma ya aika dogarai suka bi takardun suka mayar. Wanda ya sayi abinci ba ya sayar da shi sai ya karɓe shi. Ɗan kasuwar hatsi da ma'aikacin da ke sa hannu a takardar kason shinkafa, dukansu suna da darasi a wannan kufai.

Daga nan hanya ta rabu. Mai gaggawa ya karkata gabas zuwa Badar, inda aka yi yaƙi ran 17 ga Ramadan shekara ta 2, bayan Abu Sufyan ya zille da ayarinsa ta bakin teku. A yi sallama ga shahidai goma sha huɗu, a yi musu addu'a. Daga Badar zuwa Madina kimanin kilomita 150 ne. Mai sauran lokaci kuwa ya zarce Yanbu, kimanin kilomita 330 daga Jidda, ya kwana, ya ga tsofaffin gidajenta masu rawashin, kashegari ya nufi Madina.

Game da salla, wannan tafiya ta wuce nisan ƙasaru, wanda a mazhabar Malik mil 48 ne, watau kilomita 80 da 'yan kai. Matafiyi yana mai da salla mai raka'a huɗu biyu, sai in ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya, ko ya bi limamin gari, to sai ya cika. An kuma yi masa sauƙin haɗa Azahar da La'asar, ko Magariba da Isha'i, idan yana kan hanya. Sai dai Shaihu Halil a cikin Muhtasar ya fitar da mai tafiyar saɓo da mai tafiyar wasa daga wannan sunna. Ga shi mun komo kan niyya: mutum biyu suna iya zama a mota ɗaya, ɗaya yana tafiyar lura da neman ilmi, ɗaya yana tafiyar shagala, hukuncinsu ya bambanta.

Allah Ya sa mu cikin masu gani su wa'aztu, Ya yi albarka a dukiyarmu da gidajenmu, Ya kai matafiyanmu lafiya Ya komo da su lafiya. Allah ne mafi sani. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.